Matakan Barci: Yadda Likitoci Ke Karanta Daren Ɗan Adam

Likitocin barci sun kasa daren ɗan adam gida biyar: zama a farke, sai matakai uku da suke kira N1 da N2 da N3, sai kuma matakin da aka fi yin mafarki a cikinsa, wanda ake kira R ko REM. Wannan rabo bai dogara da abin da mai barcin ya ji a jikinsa ba, balle abin da na kusa da shi ya gani. Abu uku ake aunawa: lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, da motsin ƙwayar ido, da ƙarfin tsokar haɓa. Daga yadda ukun suka haɗu ake yanke hukunci, kuma duk bayan daƙiƙa 30 sai an sake yanke shi, tun daga kashe fitila har gari ya waye.

Ilimin bai wani tsufa ba. Wani likitan taɓin hankali mai suna Hans Berger, a birnin Jena na Jamus, shi ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924, ya buga sakamakonsa a 1929. Na'urarsa ita ce asalin EEG da ake gwada masu farfaɗiya da ita a yau. A 1937 Alfred Loomis da abokan aikinsa biyu, Harvey da Hobart, suka kwana suna kallon na'urar a kan masu barci a wani ɗakin bincike kusa da birnin New York, suka ga zanen yana sauya kama a tsawon dare, suka raba shi gida biyar daga A zuwa E. Duk da haka babban abu ya kuɓuce musu. Sai a farkon shekarun 1950 wani ɗalibi a Jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky, ya liƙa wayoyi a gefen idon ɗansa mai shekara takwas, can cikin dare ya ga alƙaluman na'urar suna ta tsalle kamar yaron ya farka yana waige-waige. Ya leƙa, ya tarar da shi yana sharar barci. Shi da malaminsa Nathaniel Kleitman suka buga labarin a 1953, suka kuma nuna cewa in aka tashi mutum a daidai wannan lokaci, yawanci zai ce mafarki yake yi. William Dement da Kleitman suka nuna a 1957 cewa matakan zagayawa suke yi a kai a kai. A 1959 Michel Jouvet, a Liyon ta Faransa, ya gano a jikin kyanwoyi cewa tsoka tana saki gaba ɗaya a wannan mataki, alhali ƙwaƙwalwa tana aiki kamar ta mai ido biyu.

Da masu bincike suka yawaita, kowa ya shiga karanta zanen yadda ya ga dama, har ya zama sakamakon wani gari ba ya gwaduwa da na wani. Shi ya sa a 1968 wani kwamiti ƙarƙashin Allan Rechtschaffen da Anthony Kales ya fitar da littafin ƙa'ida: mataki na 1 zuwa na 4, sai REM. An yi kusan shekara 40 ana bin sa. A 2007 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, AASM, ta fitar da sabo, ta haɗe mataki na 3 da na 4 suka zama N3. Shi ne ake ta yi wa gyara har yau, kuma shi yawancin asibitocin duniya ke bi.

Dare ɗaya a ɗakin gwaji

Wanda za a gwada yakan zo bayan isha'i da kayan barcinsa. Tun kafin ranar ake gaya masa ya wanke kai, kada ya shafa mai, don maiƙo yana hana waya kama fata. Kitson da ya bar tsaga a inda ake bukata ba ya hana aiki, amma gashin kanti da aka ɗinka sai an cire. Ma'aikaci zai auna kan da tef, daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ya yi ɗigo da fensir, sannan ya liƙa ƙananan faya-fayan ƙarfe masu waya: sama da goshi, da tsakar ka, da ƙeya, da kan ƙashin bayan kunne. Biyu suna zama a gefen idanu, ɗaya ƙasa kaɗan da kusurwar idon hagu, ɗaya sama kaɗan da ta dama. Gaban ƙwayar ido da bayanta suna da bambancin lantarki, don haka ko ido a rufe yake, da ya juya na'ura za ta gani. Uku kuma suna kan haɓa. Ban da waɗannan akwai siririn bututu a hanci, da ɗamara biyu a ƙirji da ciki, da ɗan maƙali a yatsa mai auna iskar oksijin a jini, da wayoyi a ƙwauri da ƙirji, da kyamara mai gani a duhu.

Kafin a kashe fitila, ma'aikacin zai yi magana ta lasifika daga ɗakin da ke maƙwabtaka: buɗe ido, rufe ido, dubi dama, dubi hagu, ƙifta sau biyar, cije haƙori, riƙe numfashi, motsa babban yatsan ƙafa. Yana yin haka ne don ya ga yadda kowane motsi ke fita a allon wannan mutumin, kada can da dare ya ɗauki cizon haƙori a matsayin wani abu daban. Baƙon wuri da tarin wayoyi sukan ɓata daren farko, barci ya yi jinkirin zuwa, REM ya yi latti, kuma likitoci sun san da haka, suna sa shi a lissafi.

Batun daƙiƙa 30 gado ne daga zamanin takarda. Na'urorin dā suna jan takarda milimita 10 a daƙiƙa, kowane shafi kuma santimita 30 ne, sai ya zama shafi ɗaya daƙiƙa 30. Barcin awa takwas shafi 960 ke nan, takarda mai tsawon mita 288. Takarda ta kau, kwamfuta ta maye gurbinta, amma shafin yana nan yadda yake. Mai karatu yana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya yana ba kowanne suna guda. In mataki biyu suka haɗu a shafi, wanda ya fi cin wuri shi ke ɗaukar sunan.

Daga gyangyaɗi zuwa nauyin barci

Mutumin da ya kwanta ya rufe ido bai yi barci ba, ƙeyarsa tana fitar da wata igiya mai tsari da ake kira alfa, wadda ke kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Da ya buɗe ido sai ta ɓace. Muddin alfa ta cinye fiye da rabin shafi, a farke yake. Wajen mutum ɗaya cikin goma ba ya fitar da alfa sosai, kuma irin waɗannan su ne ke ba mai karatu wahala wajen gane inda barci ya soma.

Idan alfa ta ja baya, igiyoyi marasa tsayi masu kaɗawa sau 4 zuwa 7 suka karɓe fiye da rabin shafin, idanu suka shiga lilo a hankali daga gefe zuwa gefe, an shiga N1. Wannan shi ne halin mai gadin da ke zaune kan benci a bakin ƙofar wani gida a unguwar Durumi ta Abuja da ƙarfe biyun dare: rediyo na yi a gefensa, kansa ya sunkuya sannu a hankali, tocila ta kusa suɓuce masa, sai ya zabura ya gyara zama. In aka ce masa ya yi barci zai rantse idonsa biyu, kuma ba ƙarya yake nufi ba, don da yawa daga waɗanda aka tasa daga N1 haka suke cewa. A nan ne ake jin kamar an faɗa rami, jiki ya yi zillo. Matakin gajere ne, bai cika wuce kashi 5 cikin 100 na daren mai lafiya ba. In ya yi yawa, alama ce wani abu yana ta katse barcin yana mai da shi farko.

N2 yana da shaida biyu, kuma ko ɗaya ta bayyana ta wadatar. Ta farko wani gungu ne na igiyoyi masu sauri, sau 11 zuwa 16 a daƙiƙa, da ke ɗaukar aƙalla rabin daƙiƙa. Siffarsa ta zaren da aka naɗe a mazari ce, siriri a baki biyu, mai kauri a tsaka, kuma da sunan mazarin likitoci ke kiran sa. Daga talamus yake tasowa, wato mashigar da saƙon ji da gani ke bi kafin ya kai saman ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna masu yawan mazari sun fi jure hayaniya ba su farka ba, kuma yana da hannu wajen zaunar da abin da aka koya da rana. Ta biyu ita ce alamar K, igiya guda babba da ke fitowa ita kaɗai ta yi tsini ta koma, ita ma aƙalla rabin daƙiƙa. Takan zo da kanta, takan kuma zo in an ƙwanƙwasa ƙofa ko an ambaci sunan mai barcin a hankali, abin da ke nuna ƙwaƙwalwa ta ji, ta auna, ta zaɓi ci gaba da barci. Wajen rabin daren babban mutum a N2 yake ƙarewa.

N3 shi ne barci mai nauyi. Ƙa'idarsa lissafi ce tsagwaronta: igiyoyi masu jan jiki, daga sau ɗaya a daƙiƙa biyu zuwa sau biyu a daƙiƙa, masu tsayin da ya wuce maikrobolt 75, su cika aƙalla kashi 20 cikin 100 na shafin, wato daƙiƙa 6 daga cikin 30. Maikrobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt, don haka ko wannan babbar igiyar ba komai ba ce a gaban batirin tocila. Girman nata yana zuwa ne daga yadda miliyoyin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke yin shiru tare su kuma tashi tare. Numfashi yana daidaita, bugun zuciya da awon jini suna sauka, jiki yana sakin kaso mafi tsoka na sinadarin girma. Yaron da aka ɗauko daga tabarma aka kai shi gado bai ko motsa ba, a nan yake. Wanda aka tasa da ƙarfi daga N3 yakan tashi da magagi, ya yi mintuna bai san gabas ba. A matashi matakin yakan kai kashi 15 zuwa 20, kuma shi jiki ke fara rama bashinsa bayan an kwana ba a runtsa ba. Kofi da shayi mai kauri da goro da yamma suna rage shi, haka ma magungunan sa barci irin su diyazefam, da kodin da danginsa. Mai shan irin waɗannan zai iya yin awa tara a kwance ya tashi a gajiye.

REM kuwa, in zanen ƙwaƙwalwa kaɗai za a duba, da sai a ce N1 ne ko ma farke, don igiyoyin ƙanana ne a cakuɗe. Abin da ke raba gardama shi ne sauran wayoyin biyu: idanu suna fizga da sauri a rukuni-rukuni, layin haɓa kuma ya kwanta ya kai mafi ƙanƙantarsa a daren. Sau da yawa wasu igiyoyi masu kama da haƙoran zarto, sau 2 zuwa 6 a daƙiƙa, sukan riga fizgar idon zuwa. Daga gindin ƙwaƙwalwa umarni ke sauka zuwa laka a kashe tsokokin jiki, ban da na ido da babbar tsokar numfashi, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Numfashi da bugun zuciya suna rikicewa, jiki kuma ba ya iya daidaita zafinsa yadda ya saba. Wajen mutum takwas cikin goma da aka tasa a nan suna ba da labarin mafarki. Ana yin mafarki a sauran matakan ma, sai dai bai cika tsawo da launi kamar na REM ba. Rabon REM a dare kashi 20 zuwa 25 ne.

Akwai kuma abin da ba mataki ba ne amma ana ƙirga shi: zabura. Idan ƙwaƙwalwa ta sauya zuwa igiya mai sauri na aƙalla daƙiƙa 3, bayan an yi aƙalla daƙiƙa 10 ana barci, an zabura ke nan, ko da mutum bai buɗe ido ba kuma ba zai tuna ba. Kukan sauro, tashin janareton maƙwabci bayan an ɗauke wuta, tirelar da ta taka birki a babban titin Nnamdi Azikiwe na Abuja, kowanne zai iya jawo ta. Kaɗan daga cikinta ba laifi ba ne, kowa yana yi. Yawanta ne ke sa a cika awoyi a gado amma a wayi gari kamar ba a kwanta ba.

Yadda daren ke jeruwa

Sanin matakan ɗaya-ɗaya rabin aiki ne. Abin da likita ya fi dubawa shi ne jerinsu, wanda ake zanawa a taswira guda mai hawa da sauka. Babban mutum mai lafiya yana shiga ta N1, ya wuce N2, ya nutse N3, ya ɗan taso, sannan REM na farko ya zo bayan kamar awa ɗaya da rabi, gajere, bai cika kai minti goma ba. Zagaye ɗaya ke nan, na minti 90 zuwa 110, kuma ana yin huɗu zuwa shida a dare. Zagayen ba iri ɗaya ba ne. N3 ya taru a sulusin farko na dare, yana raguwa har ya kusa ɓacewa, REM kuma yana ƙara tsawo har ya kai rabin awa ko fiye gab da wayewar gari.

Wannan tsari yana bayyana abubuwa da dama na yau da kullum. Mazaunin Durumi da ya kwanta ƙarfe goma da rabi, kiran asuba zai same shi wajen biyar zuwa biyar da rabi, bayan zagaye huɗu, a daidai lokacin da REM ya fi yawa. Shi ya sa mafarkin asuba aka fi tunawa. Ma'aikacin da ke tashi ƙarfe huɗu daga Mararaba ko Nyanya don ya riga cunkoson shiga Abuja ya riga ya sami N3 ɗinsa kusan cif, abin da yake asara kullum shi ne REM da N2 na ƙarshen dare. Ƙailula ta minti 20 takan tsaya a N1 da N2, a tashi garau, amma in ta kai minti 45 ko awa guda sau da yawa an riga an nutse N3, sai a tashi da nauyin kai. Azumi ma yana taɓa jerin. Wani gwaji da Rachida Roky da abokan aikinta suka yi a Kasabalanka ta Maroko, aka buga a 2001, ya nuna a watan Ramadan barci yana jinkirin zuwa, barci mai nauyi da REM suna raguwa, kuma sun danganta hakan da cin abinci mai yawa da dare, wanda ke hana zafin jiki sauka a kan lokaci.

Zafi yana da fuska biyu. Zafi mai gumi, irin wanda ke sauka Abuja gab da faɗuwar damina, yana ƙara farkawa, yana rage N3 da REM. Amma wani likita Bafaranshe, Alain Buguet, wanda ya yi aiki a Yamai ta Nijar a shekarun 1980, ya auna barcin mutane a busasshen zafin Sahel shi da abokan aikinsa, suka ga barci mai nauyi ƙaruwa yake yi da bazara.

Shekaru ma suna sauya taswirar. Jariri sabon haihuwa yana yin kusan rabin barcinsa a REM, ta nan yake fara barci, zagayensa kuma minti 50 zuwa 60 ne kawai. Murmushi da ɗan motsin baki da uwa ke gani a fuskarsa na wannan mataki ne. Kafin wata biyu ba a ma kasa barcinsa N1 zuwa N3, don mazari bai soma fitowa ba sai wajen mako shida zuwa wata uku, alamar K kuma sai bayan nan. Yara su suka fi kowa N3. Daga balaga yake fara raguwa, har ya zama tsoho, musamman namiji, yana iya kwana da ɗan kaɗan ƙwarai. Ƙorafin tsofaffi cewa barcinsu ya zama sama-sama yana da shaida a allo.

Inda matakan ke cuɗewa

Amfanin rabon ya fi fitowa fili a lokacin da iyakar mataki ta ɓalle. Tafiya cikin barci da firgitar dare ta yara daga N3 suke tasowa, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya farka, wani yana nutse. Yaro zai tashi zaune awa ɗaya ko biyu bayan kwanciya, ya ƙwalla ihu, ido buɗe, gumi sharkaf, bai gane uwarsa ba, da safe kuma bai tuna komai ba. Mugun mafarki daban ne. Daga REM yake, yana zuwa a ƙarshen dare, mai shi yana farkawa sarai ya ba da labari dalla-dalla. Bambancin yana da muhimmanci a wuri irin sansanin 'yan gudun hijira na Durumi, inda mutanen Gwoza da kewaye da rikicin Boko Haram ya koro suka fara zama a 2014. Firgitar yara yawanci tana wucewa da girma. Mafarkin da ke maimaita abin da aka gani da ido a lokacin tashin hankali kuwa alama ce ta raunin da abin ya bari a zuciya, kuma yana da magani.

Dannau yana faruwa ne idan hankali ya farka amma sakin tsokar REM bai janye ba tukuna. Mutum yana ganin ɗakinsa, yana jin komai, ya kasa ɗaga ko yatsa, ya kasa kiran wanda ke kwance kusa da shi. Tsokokin haƙarƙari suna cikin waɗanda aka kashe, sai numfashi ya zama kamar an ɗora dutse a ƙirji, guntun mafarki kuma ya shigo cikin ɗakin a siffar inuwa ko wani tsaye a bakin ƙofa. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa minti ɗaya ko biyu, taɓawa ɗaya kuma tana warware shi. Ƙarancin barci da katse shi da kwanciya rigingine suna ƙara shi, kuma komawa barci bayan asuba lokaci ne da REM ke saurin zuwa. Jude Ohaeri da abokan aikinsa a Ibadan sun yi nazarinsa a tsakanin ɗaliban likitanci tun 1989, suka same shi abu ne gama-gari a cikin masu cikakkiyar lafiya. Mai karanta addu'arsa ya ci gaba da karantawa, sanin yadda abin ke faruwa yana rage tsoro ne, tsoron kuwa shi ne mafi munin ɓangarensa. Akasin dannau shi ya fi bukatar likita: tsoka ta ƙi saki a REM, dattijo ya riƙa kai naushi da harbi yana faɗa da abin da yake gani a mafarki. Carlos Schenck da Mark Mahowald ne suka bayyana wannan ciwo a 1986 a Amurka, kuma an gano yakan riga cutar Parkinson bayyana da shekaru.

Minshari mai yankewa shi ne abin da ya fi kai mutane ɗakin gwaji. Maƙogwaro ya rufe, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, oksijin ya sauka, ƙwaƙwalwa ta zabura, a ja iska da gurnani, a koma barci. Sau 5 zuwa 15 a awa ƙarami ne, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Taswirar irin wannan mutum cike take da N1 da zabura, N3 da REM sun ƙaranta, kuma yankewar ta fi tsawo a REM saboda sakin tsoka. Ciwon yana tafiya da hawan jini da gyangyaɗi a kan sitiyari. Na'urar hura iska ta hanci da Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni a 1981 ita ce babban maganinsa. A daren farko da aka sa ta, sau da yawa akan ga majiyyaci ya yi dogon REM da N3 yana rama bashi.

Akwai kuma gwajin rana ga mai yawan barci ba dalili. Ana ba shi damar kwanciya sau biyar, awa biyu-biyu tsakani, kowacce minti 20. Idan a matsakaici barci ya ɗauke shi cikin minti 8 ko ƙasa, kuma aƙalla sau biyu REM ya zo cikin minti 15 da farawa, to hujja ta yi ƙarfi cewa nakolefsi ce, cutar da REM ke kutsowa cikin rana.

Wannan kutse ne ya haɗa ilimin matakan da wata tsohuwar cuta ta ƙasar Hausa, ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Ta addabi lardin Zariya har gwamnatin mulkin mallaka ta fara aikin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, aka sare kurmin bakin rafuka, aka tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Cibiyar binciken cutar tana Kaduna har yanzu. An daɗe ana zaton majiyyacin barci yake yi fiye da kima. Buguet da abokan aikinsa suka buga rahoton wani majiyyaci da suka auna na awa 24 a 1989, suka ci gaba da aikin a Daloa ta Kwaddibuwa da Barazabil ta Kongo. Abin da suka gani shi ne jimillar barcin ba ta wani ƙaru ba. Agogon jiki ne ya lalace: barci yana zuwa guntu-guntu dare da rana ba bambanci, kuma sau da yawa yana farawa kai tsaye da REM. Alamar tana bayyana idan ƙwayar cutar ta kai ƙwaƙwalwa, tana kuma ja da baya in magani ya kama. Yanzu cutar ta ragu ƙwarai, tun 2018 waɗanda ake ba da rahotonsu a duniya ba su kai 1,000 a shekara ba.

Iyakar ma'aunin

Matakan nan yarjejeniya ce ta masana, kuma tana da gurguntaka. Ƙwaƙwalwa ba ta san da shafin daƙiƙa 30 ba, sannu a hankali take nutsewa, wani sashenta ma yana riga wani. Layin maikrobolt 75 yana cutar tsofaffi, waɗanda igiyarsu ke jan jiki amma ba ta da tsayi. Wani nazari na AASM da aka buga a 2013 ya nuna ƙwararrun masu karatu suna dacewa da juna a wajen kashi 83 cikin 100 na shafuka, kuma saɓaninsu ya fi yawa a N1 da N3. Agogunan hannu da manhajojin waya da ke cewa an yi barci mai nauyi na minti kaza, daga motsi da bugun zuciya suke kintace, ba sa ganin ƙwaƙwalwa, don haka ba a kafa hukuncin cuta a kansu. Yawancin na'urorin gwajin minshari da ake ba mutum ya kai gida su ma numfashi da oksijin suke aunawa, ba sa raba mataki.

Ɗakunan gwajin barci 'yan kaɗan ne a Najeriya, suna manyan birane, kuma da tsada. EEG ta rana ta fi samuwa a asibitocin koyarwa, inda akan ce mai farfaɗiya ya rage barci kafin ya zo, don alamun ciwon sun fi fitowa a N1 da N2. Ga yawancin majiyyata, likita da tambaya yake gano matakin. Ƙarfe nawa abin ke faruwa, farkon dare ko gab da asuba? Ido a buɗe yake ko a rufe? Ya tuna da safe? Amsar matar mutum ko mijin mace ko wanda suke ɗaki ɗaya ta fi ta majiyyacin amfani, kuma bidiyon waya na minti biyu yakan raba gardama tsakanin firgita da farfaɗiyar dare. Ana kuma sa shi ya rubuta lokacin kwanciya da tashi da ƙailula na mako biyu, ya amsa tambayoyi takwas na ma'aunin Epworth, wanda Murray Johns ya tsara a Ostireliya a 1991, kan yiwuwar gyangyaɗi a zaune ko a mota ko bayan cin abincin rana. Makin yana tsakanin 0 da 24. Wanda ya wuce 10, ko aka ga numfashinsa yana ɗaukewa, ko yake duka cikin barci, ko gwiwoyinsa ke saki in ya yi dariya, shi ake turawa gwajin dare guda.